Ƙawa ko Uwar Ɗaki? Yadda Turawa Mata Masu Bincike Suka Koyi Tafiya da Mata Baƙaƙen Fata

Gabatarwa

Ɗalibin da ya taso daga Sabuwa zai tafi Jami'ar Ahmadu Bello, in ya biyo ta Funtuwa, sai ya ratsa garin Giwa kafin ya kai Shika da Samaru. Kaɗan ne daga cikin matafiya suka san cewa a wannan gari na Giwa, a ƙarshen shekarar 1949 da farkon 1950, wata dattijuwa Bahaushiya mai suna Baba ta riƙa zama da wata Baturiya mai suna Mary Smith, tana ba ta labarin rayuwarta. Littafin da wannan zama ya haifar, wato Baba of Karo, an buga shi a Landan a 1954, ya kuma zama ɗaya daga cikin littattafan da aka fi karantawa a jami'o'in duniya game da matan Hausawa.

Wannan zama na mata biyu ya ƙunshi wata tambaya wadda daga baya ta girgiza jami'o'in Turai da Amurka: idan Baturiya mai rajin kare haƙƙin mata ta ce tana tare da mace baƙar fata, wace irin tarayya take nufi? Harshen Hausa yana da kalmomi biyu da suka raba gardamar. Akwai ƙawa, wadda ake zumunci da ita kafaɗa da kafaɗa, kowace ta kai wa 'yar'uwarta gudummawa ranar biki, a kuma rama mata ranar nata. Akwai kuma uwar ɗaki, wadda take yin alheri na gaske, amma daga sama yake gangarowa, kuma ita ke da ta cewa. Wannan maƙala za ta bayyana yadda wasu Turawa mata a fagen ilimi mai zurfi suka gane cewa a matsayin uwar ɗaki suke tsaye alhali suna zaton ƙawance suke yi, da matakan da suka bi don gyarawa, da kuma abin da ɗalibi zai ƙaru da shi daga wannan tarihi.

Launin fata a ma'aunin kimiyya

Kafin a yi nisa, ya kamata a san abin da kimiyya ta tabbatar game da launin fata. Wani sinadari ne da ake kira melanin ke sa fata ta yi duhu, kuma aikinsa shi ne kare jiki daga wani ɓangare na hasken rana mai lahani wanda ido ba ya gani. Ƙwayoyin da ke samar da shi kusan adadinsu ɗaya ne a fatar kowane ɗan'adam. Abin da ya bambanta shi ne yawa da irin sinadarin da suke fitarwa. Mutanen da kakanninsu suka daɗe a ƙasashe masu ƙarfin rana sun gaji fata mai duhu, waɗanda kuwa nasu suka daɗe a ƙasashe masu raunin rana sun gaji fata mai haske, wadda ke sauƙaƙa wa jiki samar da bitamin D.

A shekarar 1972 wani masanin ilimin gado ɗan Amurka, Richard Lewontin, ya auna bambancin ƙwayoyin gado a tsakanin al'ummomin duniya. Ya gano cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na bambancin a cikin kowace al'umma yake, wato tsakanin mutum da maƙwabcinsa, ɗan abin da ya rage ne kawai ke tsakanin wannan al'umma da waccan. Ashe ke nan fifikon wani launi a kan wani ba shi da tushe a halitta. Wariyar launin fata aba ce da mutane suka gina da hannunsu ta hanyar cinikin bayi da mulkin mallaka da dokoki, kuma saboda haka ne ake iya nazarinta, ake kuma iya rushe ta.

Baba da Mary Smith

An haifi Baba wajen shekarar 1877 a ƙauyen Karo na ƙasar Kano, wato ta yi wayo tun kafin zuwan Turawa. Mijin Mary, M. G. Smith, mutumin Jamaika ne, masanin al'adun ɗan'adam, wanda ke bincike a ƙasar Zazzau da tallafin gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila. Da yake namiji baƙo ba ya shiga cikin gida, rabin al'ummar da yake nazari ta kasance a rufe gare shi. Matarsa ce ta shiga wurin mata.

Abin da Mary Smith ta yi ya sha bamban da na yawancin marubutan zamaninta. Ta saurari Baba da Hausa, ta rubuta maganarta da Hausa kamar yadda ta fito, sa'annan ta fassara. Ta bar dattijuwar ta yi bayani da bakinta a kan rinji da bauta, da harin masu kama bayi, da aure huɗu da ta yi, da rashin haihuwa da 'ya'yan riƙo, da bori, da ƙawance. Mai karatu sai ya tarar da mace mai hankali da raha da ra'ayin kanta, wadda ta san lokacin da za ta zauna da miji da lokacin da za ta fita.

Duk da haka, akwai abin lura. Da Ingilishi littafin ya fito a 1954, harshen da Baba da ƙawayenta ba sa ji. Sunan Baba yana kan littafin a matsayin wadda ake ba da labarinta, amma sunan Mary ne ke wurin marubuci. Baba ta rasu a 1951, shekara uku kafin a buga shi. Ba mugun nufi ne ya jawo haka ba, tsarin zamanin ne: ɗaya tana da labari, ɗaya kuma tana da alƙalami da maɗaba'a da hanyar jami'a. A nan ne matsalar take, domin kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta daidaita matsayin mutum biyu.

Taron da ya fasa ƙwai

Daga ƙarshen shekarun 1960 fafutukar kare haƙƙin mata ta yi ƙarfi a jami'o'in Amurka da Turai, har aka buɗe sassan nazarin al'amuran mata. Akasarin jagororin wannan tafiya fararen fata ne 'ya'yan masu hali, kuma sun ɗauka cewa damuwarsu ita ce damuwar kowace mace a duniya.

A 1976 aka yi wani babban taro a kan mata da ci-gaba a Kwalejin Wellesley ta Amurka. Mahalarta daga Afirka da Asiya da ƙasashen Larabawa sun tarar cewa Amurkawa ne suka tsara taron, su suka zaɓi batutuwa, kuma mafi yawan bayanan da aka gabatar a kan matan ƙasashe masu tasowa daga bakin baƙi suka fito, masu abin kuwa suna zaune suna sauraro. Nawal El Saadawi ta Masar da Fatima Mernissi ta Maroko da Mallica Vajrathon ta Tailan sun rubuta kakkausar suka a kan taron. A 1977 mata masana na Afirka suka kafa tasu ƙungiyar bincike a Dakar ta Senegal, wadda aka fi sani da AAWORD, bisa hujjar da Bahaushe ya daɗe da sani, cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

A 1984 kuma Chandra Mohanty, 'yar asalin Indiya, ta nazarci rubuce-rubucen Turawa mata a kan matan ƙasashe masu tasowa. Ta nuna cewa da yawansu sun yi wa miliyoyin mata kuɗin goro, sun mai da su mace guda: jahila, matalauciya, wadda addini da al'ada suka danne, mai jiran a zo a cece ta. A ilimance wannan kuskure ne babba, domin an yanke hukunci kafin a tattara hujja, an kuma share bambancin da ke tsakanin malama da manomiya, da tsakanin 'yar birni da 'yar ƙauye.

A cikin Amurka kanta, mata baƙaƙen fata suna irin wannan koke. Masaniyar shari'a Kimberlé Crenshaw ta yi bayaninsa a 1989 da misalin wata ƙara da mata biyar baƙaƙen fata suka kai kamfanin General Motors, wadda aka yanke hukuncinta a 1976. Kotu ta ƙi yarda a haɗa wariyar jinsi da ta launi a ƙara guda, alhali matan da kamfanin ya daɗe yana ɗauka farare ne, baƙaƙen da yake ɗauka kuma maza ne. Crenshaw ta kwatanta mace baƙar fata da mai tsayuwa a mararraba: mota na iya buge ta daga kowace hanya, ko daga hanya biyu a lokaci guda.

Laifi tudu ne

Wasu Turawa mata sun ji haushin wannan suka, wasu kuwa sun tsaya sun duba kansu. Daga cikin na biyun akwai Peggy McIntosh ta cibiyar binciken al'amuran mata a Wellesley. Ta lura cewa abokan aikinta maza sukan yarda an tauye mata, amma ba sa yarda cewa su an fifita su. Sai ta tambayi kanta ko ita ma haka take yi game da launin fata. A 1988 ta fitar da takarda inda ta lissafa gata iri 46 da take samu a rayuwar yau da kullum saboda farar fatarta kawai, ba don ta yi wani ƙoƙari ba. Alal misali, in ta buɗe littafin tarihi takan ga masu kama da ita a matsayin waɗanda suka gina ƙasa, in kuma ta yi kuskure ba a ɗora laifin a kan jinsinta baki ɗaya. Ta kwatanta wannan gata da jakar guzuri da mutum ke goye da ita bai sani ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Ruth Frankenberg ta ɗora a kan wannan a littafinta na 1993, bayan ta yi hira mai zurfi da mata fararen fata 30 a Amurka. Ta nuna cewa da yawansu ba sa ɗaukar kansu a matsayin masu wani launi. A ganinsu su ne mutane na asali, launi kuwa na wasu ne. Sai dai gane kuskure ba shi ne gyara shi ba. Ƙungiyar malaman nazarin al'amuran mata ta Amurka ta keɓe taronta na 1981 ga batun wariyar launi, amma a taronta na 1990 a garin Akron sai da mata waɗanda ba farare ba suka fice cikin fushi, suna zargin shugabancin ƙungiyar da irin halin da take wa'azi a kansa.

Abin da gwaji ya nuna

Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan duk zato ne. To, masana sun auna shi. Katherine Milkman da Modupe Akinola da Dolly Chugh sun aika wa malamai 6,548 a jami'o'i 259 na Amurka wasiƙa iri ɗaya ta intanet, a matsayin ɗalibi mai neman ganawa kafin ya nemi gurbin digirin digirgir. Ba abin da aka canza sai sunan mai wasiƙar: wani sunan na nuna farin namiji, wani mace, wani baƙar fata, wani ɗan Indiya ko ɗan Sin. Wannan ita ce ƙa'idar gwaji: a riƙe komai yadda yake, a canza abu guda, a ga abin da zai biyo baya. Sakamakon da suka buga a 2015 ya nuna cewa malamai sun fi amsa wa sunayen fararen maza. Wani abin mamaki kuma shi ne, fannonin da ke da mata malamai da yawa ba su fi sauran adalci ba. Wato kasancewar mutum cikin waɗanda aka taɓa tauyewa ba rigakafi ba ne daga tauye wani.

A Birtaniya, rahoton da Nicola Rollock ta fitar a 2019 ya nuna cewa a lokacin mata baƙaƙen fata 25 kacal ke riƙe da muƙamin farfesa a duk jami'o'in ƙasar. Ta yi hira da 20 daga cikinsu, inda suka bayyana irin rainin da suka sha, har daga wurin abokan aikinsu mata farare.

Katsina, Zariya da Sakkwato

A ƙasar Hausa an samu misalan da ke nuna yadda sauraro ke gyara ilimi. An daɗe ana rubuta cewa matan kulle ba sa aikin da ke kawo kuɗi. Polly Hill, 'yar Ingila, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta kuma bayyana a 1969 cewa akwai wata ɓoyayyiyar kasuwa a cikin gidaje, inda mata ke cinikin hatsi da abinci ta hannun yara. Renée Pittin, wadda ta yi bincike a birnin Katsina tun farkon shekarun 1970, ta nuna yadda hanyoyin ƙidaya na hukuma ke tsallake sana'o'in mata, domin a ƙofar gida ake tsayawa a tambayi miji. Sana'ar tana nan tun fil azal; ma'aunin ne ya gaza ganinta.

A 1982 aka yi taron ƙara wa juna sani a kan mata a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda ya haifar da ƙungiyar Women in Nigeria, wato WIN, da aka ƙaddamar a 1983. Ƙungiyar ta karɓi mata da maza, ta kuma tsaya a kan cewa ba a raba matsalar mace da matsalar talauci. Ayesha Imam, malama a sashen nazarin zaman jama'a, tana cikin jagororinta na farko. Renée Pittin ta yi aiki a cikin ƙungiyar a matsayin ɗaya daga cikin mambobi, sunanta kuma ya fito a jere da na 'yan Nijeriya a cikin editocin littafin da ƙungiyar ta buga a 1985. Bambancin wannan da taron Wellesley a fili yake: 'yan ƙasa suka tsara tafiya, baƙuwa ta kawo tata gudummawar.

A Sakkwato kuwa, Jean Boyd, wadda ta zo Arewa daga Ingila a 1955, ta durƙusa a gaban Wazirin Sakkwato Junaidu a matsayin ɗaliba, ta shafe shekaru tana nazarin rubuce-rubucen Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793. Littafinta na 1989 a kan Nana Asma'u, da kundin ayyukanta da suka fitar tare da Beverly Mack ta Amurka a 1997, sun sanar da jami'o'in Yamma cewa tun a ƙarni na 19 akwai malama a wannan ƙasa mai rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, wadda ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke kai ilimi ga matan ƙauyuka. Wannan ya rushe zaton cewa Turawa ne suka fara kawo wa matan Arewa karatu. Abin da ya ba aikin ƙarfi shi ne Boyd ta shigo ne tana neman a koya mata.

Ma'auni huɗu

Daga waɗannan misalai za a iya fitar da tambayoyi huɗu da ke raba ƙawa da uwar ɗaki a fagen bincike.

Ta farko, wa ya zaɓi tambayar? In daga nesa aka zo da ita, za a iya amsa ta daidai, amma ta kasance ba ita ce ke damun mutane ba.

Ta biyu, da bakin wa aka yi magana, kuma da wane harshe? Bayanin da aka karɓo daga miji ko mai unguwa a madadin mace bayani ne na ji, gani kuwa ya kori ji.

Ta uku, sunan wa ke kan aikin? A jami'a suna shi ne jari, domin da shi ake samun ƙarin girma da kuɗin bincike. Mai ƙawance na gaskiya takan sa sunan abokan aikinta, ta ambaci littattafansu, ta sa su cikin manhajar da take koyarwa, ta kuma yi magana a zauren ɗaukar ma'aikata ranar da ba sa nan.

Ta huɗu, ina sakamakon ya koma, kuma yaya mai binciken ke yi in an gyara mata kuskure? Wadda ta ɗauki gyara a matsayin butulci, ta nuna cewa godiya take jira. Ƙawa kuwa ana gaya mata gaskiya, gobe a sake haɗuwa a gidan biki.

Kammalawa

Wannan darasi bai tsaya a kan Turawa ba. Ɗalibar da ta fito daga Sabuwa ko Faskari ko Ƙanƙara ta shiga jami'a, wata rana za a ba ta aikin bincike, ta komo gida da takardar tambayoyi da Ingilishi. A ranar ita ce mai alƙalami, matan unguwarsu kuma su ne masu labari. In ta tsaya a zaure ta tambayi maigida ko matarsa na aiki, zai iya cewa a'a, tana gida, alhali a cikin gidan ana matse man gyaɗa, ana toya ƙuli-ƙuli, ana dafa kalwar daddawa, ana kiwon tumaki, ana zubin adashi. In ta rubuta amsar maigida, alƙalumanta za su shafe waɗannan sana'o'i, kuma duk mai tsara rancen jari ko horon sana'a da ya dogara da irin waɗannan alƙaluma zai tsallake matan da suka fi cancanta.

Haka kuma malamin sakandare zai iya gwada wannan a aji. Ya tura ɗalibai su yi hira da kakanninsu mata da Hausa, su rubuta maganar yadda ta fito, su sa sunan mai bayanin da izininta a saman takarda, sa'annan su koma su karanta mata abin da suka rubuta, ta gyara inda suka kauce. Mary Smith ta yi matakin farko a Giwa fiye da shekara 70 da suka wuce. Matakin ƙarshe, na komawa a karanta wa mai labari labarinta, shi ne wanda Baba ba ta samu ba, kuma ba ya buƙatar komai sai littafin rubutu da tabarma.